Gurbi Shida

Ƙarfe huɗu rana ta naɗe tabarmarta a Coventry.
Na ajiye bas a gareji, na tako ruwa har gida,
takalmina na kuka a kan matakala.
Walida na jingine da ƙarfen ɗumama ɗaki,
hasken allo ya wanke mata fuska.
Ta miƙo min na'urar, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Baba, gurbi shida ne. Zaɓi dodanninka."

Na zaɓa kamar mai zaɓen ragon layya:
mai ƙaho, mai ƙirji, mai furzar da wuta ta hanci,
da wani mai jela kamar ƙarfe a maƙera.
Shida cif, duk 'yan wuta.
Na jera su ina shafa gemu.

Sai Kacper na hawa na uku ya sauko,
ɗan shekara tara, haƙorinsa ɗaya a cire,
ya saki wani abu shuɗi mai kumatu.
Kwaɗo ne fa. Kwaɗo!
Ya guntsi ruwa, ya fesa sau shida,
kafin shayina ya huce
rundunata ta koma toka.

Walida ta yi dariya har da shaƙuwa.
"Ruwa na kashe wuta, Baba.
Ciyawa na shanye ruwa, wuta na lashe ciyawa,
tsawa in ta faɗa ƙasa, ƙasa ta haɗiye ta."
Na ce, ashe har a nan
gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Dare tara muna farauta bayan isha'i,
ni da ita, a dajin da ke cikin tafin hannu.
Mun kama kunkuru mai bayan dutse
wanda bai iya duka ba, sai dai a dake shi a gaji.
Muka sa masa Katanga.
Mun kama tsuntsun tsawa, siriri kamar tsinke,
ya riga kowa kai hari, ya riga kowa faɗuwa.
Kifi mai gemu daga ƙarƙashin gada.
Kurciyar ƙanƙara, wadda ta wahalar da mu dare biyu.
Da wata 'yar ganye, ko kamu ɗaya ba ta kai ba,
ba ƙaho, ba farce,
aikinta ta sa maƙiyi barci, ta shafa wa 'yan'uwa magani.
Na ce mu sake ta, cin gurbi kawai take.
Walida ta rufe maɓallin da tafinta.
"Wa zai ɗaga su in sun faɗi?"
Ban amsa ba. Ungozoma muka kira ta.

Saura gurbi ɗaya.
Ta buɗe lissafi, ta nuna min wanda ya dace.
Ni kuwa na ɗauko Gaushi,
mafi ƙanƙanta cikin 'yan wutata na farko,
mai kunne ɗaya a karye.
"Ƙarfinsa bai kai ba, Baba."
Na ce na sani. Shi na fara kamawa.
Ta dube ni irin duban mahaifiyarta,
ta ɗaga kafaɗa, ta bar shi.

Ran Asabar Kacper ya dawo da kwaɗonsa.
Katanga ya shanye, Ungozoma ta rera masa barci,
tsuntsun ya sauko sau ɗaya, kwaɗo ya baje.
Na yi ihu har maƙwabciya ta buga bango.
Duk da haka ya cinye mu,
da dodo ɗaya a tsaye, yana haki.
Gaushi ne ya faɗi ƙarshe.

Yau da asuba, a layin Pool Meadow,
gogen gilashi na kai da kawowa,
wata tsohuwa ta danna ƙararrawa sau biyu
kafin na farga na tsaya.
Ina can ina lissafi:
in Katanga ya fara fita,
wa zan ɓoye a bayansa?